Babin da Farfesa Ya'u Bai Rubuta Ba

Shekara takwas ke nan da muka ɗauki Farfesa Ya'u, masanin tarihi, muka kai shi makwancinsa a Ƙaraye, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo, ɗalibansa kan yi rubutu a kansa, su jero littattafansa da muƙaman da ya riƙe, ni kuwa in karanta in ninke jarida in ajiye. Ban taɓa tsoma baki ba. Me tsohon malamin gona zai ce a tsakiyar masu digiri? Bana dai shirun ya gagare ni. Kafin ya tafi ya ɗora mini wani kaya ya ce in kai wa masu shi, na kuwa kai, amma ba kamar yadda aka ba ni ba, abin nan kuma yana ci mini rai.

Ni da shi taubasai ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Duniya tana ce masa Farfesa, ni Ya'u na sani, kuma har ya koma ga Allah ban ƙara masa komai a kan haka ba. Shi ma bai raga mini ba. A gaban ɗalibansa, a gaban manyan baƙi, Garba Mai Taki yake kirana. Nakan ce masa ban taɓa ganin wanda gwamnati ta ɗauka aikin gulmar matattu ba sai shi. Shi kuma ya ce ai gara shi, ni fa aikina koya wa manoma abin da kakanninsu suka riga ni sani. Haka muka yi ta yi har furfura ta cim mana.

Mahaifinsa malamin hakimi ne, saboda haka a zaure Ya'u ya tashi, cikin dattawa masu kawo ƙarar gona da gado. Mu muna can muna harbin tsuntsaye, shi yana rakuɓe a gefen tabarma yana sauraron wane ya sari dajin nan, wane ya zo ya tarar da shi. A Ƙaraye ya fara makaranta, ya wuce Kano, ya shiga jami'a, daga baya aka tura shi ƙasar Turawa ya yi digirinsa na uku. Da ya dawo bai nemi ofis mai sanyi ba, aji ya koma, a nan kuma ya ƙare rayuwarsa. Ya shugabanci sashen tarihi, ya yaye ɗalibai waɗanda yau wasunsu su ma farfesoshi ne. Abin da ya sa a gaba shi ne yadda ƙauyukan yammacin Kano suka kafu: wa ya fara sauka, wa ya haƙa rijiyar farko, daga ina aka zo da iri, me ya tashi wannan gari ya zaunar da wancan. Yaƙe-yaƙen sarakuna ba su cika damunsa ba. Yakan ce waɗannan suna da masu rubuta musu.

Lokacin da yake tattara bayanan babban littafinsa ina aiki a Rogo, ina da babur, don haka ni na zama direbansa ba tare da an tambaye ni ba. Babu lungun da ba mu shiga ba a Zoza da Fulatan. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi a lokacin: ba ya zuwa wurin tsoho ya zaro biro. Sai ya yi ta zuwa gaisuwa, ya tambayi damina, ya tambayi iyali, ya bi mutum gona, har sai tsohon ya gaji ya fara magana don kansa. Noma kam bai iya ba, Allah ya sani. In ya karɓi fartanya sai ka ga mai gona yana bin sa a baya yana addu'a kada ya sare masa dawa. Ɗalibansa ma haka yake jan su cikin taɓo da takalman boko, wai duk wanda bai taka ƙasar da zai rubuta ba, kada ya kawo masa takarda ya duba.

A cikin wannan yawo muka haɗu da wani dattijo a wani ƙauye a ƙasar Jajaye. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sunayen mutanen gidan da zan ambata kuma ba nasu na gaskiya ba ne. Bari in ce masa Malam Jatau. Shi ne yake riƙe da tarihin gidansu, wanda ya karɓa daga ubansa, uban kuma daga nasa uban. Abin da ya ja hankalin Ya'u shi ne yadda ake miƙa shi. Ba a zaune ake faɗarsa ba. Da sassafe mai bayarwa da mai karɓa za su tashi daga tsohuwar rijiyar gari, su kama hanya da ƙafa. Duk inda aka zo wata alama, itace ne ko dutse ko mashigin rafi, sai a tsaya, mai bayarwa ya dafa abin, ya faɗi rabon labarin da ya faru a wurin. Daga nan a yi shiru har alama ta gaba. A kufan da kakanninsu suka fara zama ake ƙarewa. Kowane wuri da nasa zancen, ba a faɗar na gindin tsamiya a bakin rafi.

Ɗan Malam Jatau guda ɗaya namiji, Mamuda, ya tafi Kurmi fataucin shanu ya zauna can, ga tsohon kuma ƙarfi yana ƙarewa. Ya daɗe yana auna Ya'u. Wata rana muna zaune a ƙofar gidansa ya ce masa:

"Ɗan boko, zan ba ka ajiya, ba kyauta ba. Kada ka rubuta, kada ka sa a na'urar nan taka mai ɗaukar magana. Ranar da jinina ya dawo, ka ɗauke shi da ƙafa, ka mayar masa a inda na ba ka."

Ya'u ya ce, "Baba, in an rubuta ai ba zai ɓata ba."

Tsohon ya ce, "Na sani. Amma a cikin labarin nan akwai kakannin mutanen da muke tsayawa sahu ɗaya da su a masallaci. Akwai wanda aka zo da shi a ɗaure, akwai wanda ya ɗaure shi. In ni nake faɗa, ina kallon fuskar wanda nake gaya wa, na san ko ya isa ya ɗauka. Takardarka wa take kallo? Duk wanda ya buɗe ta sai ta gaya masa, ko da maƙiyi ne."

Na zaci Ya'u zai ƙi. Sai ya ce ya yarda, ya kuma kira ni shaida. Washegari suka tafi su biyu, ni aka bar ni da gadin babur. Da suka dawo bayan azahar na fara tsokanarsa, na ga bai ko dube ni ba, sai na ja bakina. Haka suka yi ta komawa a wannan rani har ya haddace. Damina biyu bayan nan Malam Jatau ya rasu.

To, a nan ne alkawarin ya fara cin Ya'u, wannan kuma shi ne abin da masu rubutu a kansa ba su sani ba. Abin da ya ji a bakin tsohon nan ya saɓa wa abin da littattafai suka daɗe suna faɗa game da yadda aka zauna wannan yanki. A wani taron masana tarihi ya miƙe ya ce abin da aka yarda da shi ba haka yake ba. Wani babban malami ya tambaye shi hujja. Ya ce, "Ina da ita, amma ba tawa ba ce balle in nuna." Aka yi masa dariya. A sana'arsu magana babu hujja ba magana ba ce, shi ma haka yake koya wa ɗalibansa, don haka bai ga laifinsu ba. Ya dawo ya zare babin da ya yi niyyar ginawa a kan wannan daga tsarin littafinsa. Littafin ya fito da giɓi a tsakiya, masu sharhi suka gani, suka ce ya kai mai karatu bakin kogi ya bar shi ba jirgi. Ƙarin girmansa ya yi jinkiri, wasu daga cikin waɗanda ya koyar suka riga shi zama farfesa. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Ni abin ya ƙona mini rai ƙwarai. Na same shi na ce, "Kai Ya'u, wane irin taurin kai ne wannan? Tsohon nan ya mutu, ko yana da rai ma ba ya karatun boko. Ka sauya sunaye ka rubuta abinka mana!"

Ya ce, "Mai Taki, in na sauya sunaye ƙarya na rubuta, in na bar su amana na ci. Wanne ka zaɓar mini?"

Na ce masa na zaɓar masa ya koma sayar da gyaɗa, tunda boko bai amfane shi da wayo ba. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Bai zauna jiran Mamuda ba. Har Kurmi ya bi shi, ba sau ɗaya ba. Mamuda ya karɓe shi hannu biyu-biyu, ya yanka masa kaza, amma da aka zo kan magana sai ya ce shi ba shi da lokacin tatsuniyoyin mutanen da, kuma babu abin da zai mayar da shi ƙauye. A can ya rasu, 'ya'yansa suka tashi a can, ba su san ko hanyar garinsu ba. Ya'u ya ci gaba da dakon abinsa. Kowane rani, in jami'a ta yi hutu, sai ya zo ya bi hanyar nan shi kaɗai yana motsa baki. Mutanen ƙauyen har sun saba, sukan ce ga malamin nan mai magana da itatuwa ya zo.

Da ciwon suga ya fara cin ƙafafunsa, wata rana sai ga shi a ƙofar gidana a Rogo, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Mai Taki, ɗauko sandarka."

Na ce ina za mu? Ya ce za a sa ni makaranta. Na ce yana da ɗalibai cike da ƙasa, masu ƙwaƙwalwa sabuwa, me zai yi da tsoho irina? Ya ce, "Ɗalibi ba zai iya riƙe hannunsa ba. Ni kaina da ƙyar na riƙe nawa. Kai kuwa ko wasiƙa ba ka son rubutawa, ga shi ka san kowane itace da sunansa. Kuma kai ne shaida." Haka muka yi ta bin hanyar nan a ranin, yana ɗingishi ina ɗingishi, yana faɗa ina maimaitawa. A lokacin na san abin da ɗalibansa suka sha. In na tsallake suna ɗaya sai ya mayar da ni alamar baya, a cikin rana, ba tausayi. Sai da na bi da shi tun daga rijiya har kufai ban yi tuntuɓe ba, sannan ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa ya ce alhamdu lillahi. Shekara ba ta zagayo ba ya rasu.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa masanin tarihi ne. Yaro zai zauna da waya a hannu, kafin shayi ya huce ya kai asalin gidansu Gabas, ya haɗa su da manyan da ba su taɓa jin labarinsu ba, mutane kuma su yi ta turawa. Ban taɓa ganin wanda ya rubuta cewa kakansa talaka ne da yunwa ta koro ba, balle wanda zai ce kakansa ya zalunci wani. A wayar nan kuma ake tone asalin mutum in ya fito takara ko ya je neman aure, a watsa shi duniya ba tare da an dubi fuskar kowa ba. In na ga haka sai in ce Malam Jatau ya hango nesa. Da babin nan ya fito, da yau an yanko shi gunduwa-gunduwa ana jifan bayin Allah da shi.

Amma akwai abin da daga shi har Ya'u ba su hango ba. Sun ɗauka mutum ne yake mutuwa, itace da dutse suna nan. Yanzu kuwa buhunan gawayi ne jere a bakin titi, motoci suna kwasa. Ɗorawa da kaɗanya da marke waɗanda kakanninmu ba sa sa musu gatari, duk an bi su. Ga kuma tsoro. An yi wasu shekaru da mutane suka daina zuwa gonakin nesa, kowa yana gudun abin da zai tarar, hanyar nan kuwa ta gefen daji ta bi. Da farko nakan je duk rani kamar yadda Ya'u yake yi. Da abin ya yi tsanani 'ya'yana suka hana ni, gwiwoyina ma suka goyi bayansu. Sai na koma ina bin hanyar a zuci, ina kwance a ɗaki, ina ganin kamar komai yana nan daram.

Bara aka gaya mini babban ɗan Mamuda ya dawo. Bari in ce masa Habibu. Magidanci ne, ya haura arba'in, fatauci ya karye masa a Kurmi ya kwaso iyalinsa ya zo ya fara noma gonar kakansa. Ban kwana biyu ba na sa aka kai ni. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gajiya da mutanen gida. Yaro mai ladabi, ba shi da laifi ta nan. Na gaya masa komai tun daga farko. Ya ce bai taɓa sanin kakansa ya bar musu wani abu ban da gona ba. Sai ya zaro wayarsa.

"Baba, ga waya, ku faɗa kawai ta ɗauka. Ƙafafunku su huta."

Na ce masa mutumin da ya ba ni wannan ya yi asarar shekaru na aikinsa don kada ya shiga na'ura, ba ni zan zo in sa shi ba don gwiwa tana mini ciwo. Ya mayar da ita aljihu, ya ba ni haƙuri. Muka yi alkawari sai an gama girbi.

Ranar da muka fita na tashi da ƙarfina. Rijiyar tana nan, an dai yi mata baki da siminti. Ina dafa ta magana ta zo, ko laluba ban yi ba. Tsamiya tana nan. Mashigin rafi yana nan. Ina faɗa Habibu yana maimaitawa, kansa kuma yana ja, har na fara jin daɗi a raina ina cewa Ya'u, yau za ka huta. Muka haura rafi, muka bi ta gefen wata gona, sai na tsaya. Fili ne fetal a gabana, tarakta ta bi shi ta daidaita, babu komai sai kututturen masara. A nan ya kamata a ce akwai wata tsohuwar kaɗanya da faffaɗan dutse a gindinta. Muka tambayi wani mutum da ke tara kara. Ya ce ai an daɗe da sare ta an yi gawayi, dutsen kuma mai tarakta ya ja shi ya jefa a rafi don yana karya masa garma. Na ce a ina take a da? Ya nuna can, ya sake nuna can, ya ce shi dai wajen nan ne.

Na tsaya a inda ya nuna. Babu abin da ya zo. Na matsa gaba, na dawo baya, na miƙa hannu kamar zan dafa itacen. Na koma na karanto rabon bakin rafi da sauri ko zai ja ni in faɗa cikin na gaba, ina zuwa ƙarshensa sai in tsaya cak. Ashe duk bitar da nake yi a ɗaki tsallake wurin nake yi ban sani ba, domin a zuci babu mai mayar da kai baya. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko a gadon asibiti.

Abin da ya rage mini game da wurin kaɗan ne, kuma shi ya fi damuna. Na tuna duk sanda muka zo nan Ya'u yakan cire hularsa. Muryarsa takan yi ƙasa, in ya gama kuma sai ya yi istigfari kafin mu ɗaga ƙafa. Na kuma san cewa a duk tafiyar, nan ne wurin da gidan Malam Jatau suke da laifi, su suka yi wa wasu, ba su aka yi wa ba. Amma wa aka yi wa, me aka yi, yaya aka ƙare, duk sun tafi.

Na ce wa Habibu, "Ɗana, a nan akwai magana, ta kuɓuce mini. Ba mai daɗi ba ce, kuma a kanku take. Ranar da za ka ba wani, ka tsaya a nan ka ce masa an manta. Kada ka wuce, kada ka ƙara komai."

Ya ce, "To, Baba. In sha Allahu."

Muka ci gaba. Sauran duk suka zo har kufai. Ya rako ni gida yana ta godiya, ni kuwa ko tuwo ban iya ci ba.

Tun daga ranar nake faɗa da Ya'u a raina, faɗa na gaske, ba irin na taubasai ba. Nakan ce masa ka cuce ni. Kai da ka san aikin ƙwaƙwalwa, kai da ka yi rayuwarka kana koya wa mutane cewa abin da ba a adana ba ɓata yake yi, ka ɗauki abu mafi tsada da ka samu a duk aikinka ka zuba shi a kan tsohon da yake manta inda ya ajiye carbinsa. Da ka rubuta ka kulle a akwati, wa zai sani? Sai kuma in ji kamar yana tambayata wanne na zaɓar masa, har yau kuwa ba ni da amsa. Na je wurin ɗaya daga cikin manyan ɗalibansa na tambaye shi ko Farfesa ya bar wani abu a kan wannan a cikin takardunsa. Ya ce sun bi su ɗaya bayan ɗaya, babu ko layi. Na san haka za a ce. Da an samu ma da ba Ya'u ba ne.

Me ya rage na mutumin nan? Littattafansa suna nan, ana karanta su, har da mai giɓin. Ɗalibansa suna nan, na ji ma wasunsu har yanzu suna jan nasu ɗaliban cikin taɓo. Akwai ƙauyuka a Zoza da Fulatan da ba don shi ba da babu wanda zai san an taɓa zama a cikinsu. Akwai kuma mutanen wancan ƙauye da suke aurayya da juna, suke salla sahu ɗaya, babu wanda ya taɓa buɗe littafi ya ci musu fuska, ba su kuma san wa ya saya musu wannan da shekarunsa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ina gaya wa kaina haka kullum. Sai dai amanar da ya fi wahala a kanta ita ce ta iso da rauni, kuma inda ta ji raunin shi ne inda ya fi cancanta a tuna.

A watan jiya Habibu ya aiko mini. Ƙanensa Nura ya zo daga Kurmi, yana so ya bi da shi hanyar, yana kuma so in zo in ji ko ya riƙe daidai. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe dai abin zai rayu. Muka tashi daga rijiya mu uku. Habibu ya ba ni mamaki, bai tsallake suna ko ɗaya ba, har yadda ake dafa itace da yadda ake yin shiru a tsakani duk ya kama. Muka haura rafi muka shiga filin masara. Ya tsaya daidai inda na tsaya, na ce madalla a raina.

Sai na ji ya gyara murya ya fara magana. Ya ce a nan ne kakansu ya tarar da wasu baƙi da yunwa ta koro, mata da yara, ya buɗe musu rumbunsa, ya yanka musu gonaki, ya zaunar da su, shi ya sa har yau zuriyarsu suke girmama gidan. Ya faɗe shi tsaf, da irin muryar sauran, babu inda za ka ce ga ɗinki. Nura yana ta murmushi yana gyaɗa kai, yana cewa Allahu akbar, Allah ya jiƙan mazan jiya.

Na ce, "Habibu, ba haka ba ne. Ba haka muka yi da kai ba."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Na kasa tsayar da ƙanena a tsakiyar gona in ce masa ban sani ba. Na zagaya wurin dattawan gari, suka ce suna jin kamar haka aka yi."

Na ce me yake so dattawa su ce wa jikan mai gida in ya tambaye su labarin kakansa? Na ce a wurin nan hula ake cirewa, ba murmushi ake yi ba. Nura ya dube ni, ya dubi wansa, murmushin ya ɗauke.

Habibu ya ce, a hankali, ba da raini ba, "To yaya ne, Baba? Ku gyara mini, wallahi yadda kuka faɗa haka zan riƙe."

Na buɗe baki. Na dubi ƙasa, na dubi inda nake zaton kaɗanyar take. Sun jira ni, Allah ya sani sun jira ni da ladabi, har rana ta fara cizo. Da suka ga ba ni da abin cewa, Habibu ya taɓa kafaɗar ƙanensa suka nufi alama ta gaba, ni kuma na ja sandata na bi su a baya.